Ba masu sarauta aka fi kashewa ba a juyin juya halin Faransa

Duk mai karanta littattafan soyayya na matasa da aka gina kan juyin juya halin Faransa ya san wannan fage: 'yar sarauta a cikin amalanke, an datse mata gashi, za a kai ta wurin injin sare kai, saurayinta talaka yana kutsawa cikin taro don ya cece ta. Shi ya sa da yawa suka ɗauka masu sarauta aka fi kashewa.

Ba haka ba ne. Tsakanin 1793 da 1794 kotuna sun yanke wa kusan mutum 17,000 hukuncin kisa. A 1935 masanin tarihi Donald Greer ya bi diddigin shari'o'in, ya tarar masu sarauta ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Akasari manoma ne da leburori da masu sana'ar hannu, musamman a yankin Vendée da birnin Lyon inda aka yi wa gwamnatin juyin juya halin tawaye. Da dama ma harbe su aka yi.

Sunan Sarki Louis na 16 da matarsa Marie Antoinette, waɗanda su ma aka sare wa kai, shi ne ya danne na sauran. Ina son littattafan nan ƙwarai, sai dai ina kwaɗayin wanda jarumarsa za ta zama 'yar masaƙin siliki ta Lyon, wadda aka kama mahaifinta bayan birnin ya faɗa hannun sojojin gwamnati a Oktoban 1793.