Kyamara da na'urorin ganowa a ƙarƙashin allon waya

Kyamarar ƙarƙashin allo fasaha ce ta ɓoye kyamarar gaba ta wayar salula a bayan allon da ke nuna hoto, ta yadda haske zai ratsa allon ya kai ga idon kyamarar ba tare da an huda rami ko an yanke wani gefe ba. Da irin wannan dabara ake ɓoye na'urar karanta zanen yatsa, da mai auna hasken wuri, da kuma mai gane kusantowar kunne a lokacin kira. Waɗannan ƙananan na'urori sun daɗe da samun gindin zama a ƙarƙashin allo. Kyamara kuwa har yanzu ana fama da ita, domin an ɗora wa gilashi ɗaya aiki biyu masu karo da juna: ya fitar da haske, kuma ya bar haske ya shiga.

Asali

Neman allon da zai mamaye fuskar waya gaba ɗaya ne ya haifar da wannan fasaha. A 2017 wayar iPhone X ta zo da wani yanki da aka gutsure a saman allo don kyamara da na'urorin gane fuska, kamfanoni da dama kuma suka bi sahu. A 2018 Vivo NEX da Oppo Find X suka gwada kyamarar da ƙaramin inji ke turowa sama idan an buƙace ta, sai dai injin yana cin wuri, yana kuma buɗe wa ƙura da ruwa hanya. A ƙarshen shekarar aka fara huda ɗan rami a allo, kuma wannan ne tsarin da ya fi yawa har yau. A watan Yunin 2019 Oppo da Xiaomi suka nuna samfuran gwaji masu kyamarar da ba a gani.

Dalilin da ya sa sai allon OLED

Allon LCD yana da fitila a bayansa tare da shimfiɗu masu watsa haske, waɗanda ke tare duk abin da aka sa a ƙarƙashi. A allon OLED kuwa kowane ɗigo daga cikin ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto shi ke samar da haskensa, allon siriri ne, kuma akwai ɗan sarari tsakanin ɗigogin. Ta waɗannan ƙananan kafofi haske ke bi ya isa ga na'urar da ke ƙasa.

Zanen yatsa

Nan ne fasahar ta fara cin nasara. Vivo X20 Plus UD, wadda ta fito a farkon 2018 da na'urar kamfanin Synaptics, ita ce waya ta farko da aka sayar da mai karanta yatsa a ƙarƙashin allo. Irin wannan na'ura da haske take aiki: allon yana haska yatsa, wata 'yar kyamara a ƙasa ta ɗauki hoton zanen. Ba ta neman launi ko kyan hoto, layukan yatsa kawai take so, shi ya sa ɗan hasken da ya tsallake allon ya ishe ta.

Nau'i na biyu yana aiki da sautin da kunnen ɗan Adam ba ya ji. Galaxy S10 ta Samsung ta zo da shi a 2019, ƙirar kamfanin Qualcomm. Na'urar tana aika sautin zuwa yatsa, ta auna amsa-kuwwar da ta dawo daga tudu da kwarin fata. Ta fi jure jiƙaƙƙen yatsa, amma abin da aka manna a kan allo yana iya rikita ta. A watan Oktoban 2019 an gano cewa wasu robobin kare allo suna sa wayar ta buɗe da yatsan da ba na mai ita ba, har sai da Samsung ta gyara ta hanyar sabunta manhaja.

Masu gyaran waya, irin na kasuwar Farm Centre a Kano, sun san wani ɓangare na wannan labari: idan allon OLED ya fashe aka maye shi da na LCD mai araha, karanta yatsa ya tsaya ke nan, tunda sabon allon ba ya barin haske ya wuce.

Kyamara

ZTE Axon 20 5G, wadda ta fito a Sin a watan Satumban 2020 da allon kamfanin Visionox, ita ce waya ta farko a kasuwa mai kyamara a ƙarƙashin allo. An rage yawan ɗigogin da ke saman kyamarar don haske ya samu hanya, sai wurin ya riƙa bayyana a matsayin ɗan murabba'i, musamman kan farin shafi. A 2021 Axon 30 da Xiaomi Mix 4 suka sauya dabara: maimakon rage yawan ɗigogin, sai aka ƙanƙanta kowannensu, aka bar kimanin 400 a kowane inci, aka kuma yi amfani da wayoyin lantarki da haske ke iya ratsawa a wurin. Da wannan aka kusa shawo kan matsalar ganin tabo a allo.

Matsalar hoton kansa ta fi wuya. Da farko dai hasken da ke isa ga kyamarar kaɗan ne. Shimfiɗar da ke hana allo ƙyalli ita kaɗai tana shanye kusan rabinsa, robar da ake gina allo mai lanƙwasa a kanta kuma tana da ɗan launin rawaya, wanda ke rage shuɗin haske ya jirkita launi. Sai babbar matsalar, wato karkacewar haske yayin da ya bi ta ƙananan kafofi da aka jera reras. Duk wanda ya taɓa kallon fitila da dare daga cikin gidan sauro ya ga yadda hasken ke bazuwa ya yi tsinkaye. Haka kyamarar ke ganin kowace fitila da kowace taga. Sakamakon shi ne hoto mai hazo, fuska ba kaifi.

Ana rage wannan ta hanyar kashe ɗigogin da ke saman kyamarar a lokacin ɗaukar hoto, da sa wa kyamarar ido mai manyan ɗigogi don tara haske, da kuma manhajar da aka horar ta goge hazon bayan an ɗauka. Manhajar takan taimaka wa hoton ɗauki-da-kanka, ko da yake sau da yawa tana sulɓe fata har fuska ta yi kamar zane. A kiran bidiyo, inda babu lokacin doguwar gyara, raunin kyamarar ya fi fitowa.

Halin da ake ciki

Samsung ta sa irin wannan kyamara, mai megafiksel 4 kacal, a allon ciki na wayarta mai naɗewa, Galaxy Z Fold3, a 2021, ta ci gaba da ita har Fold6, sannan a Fold7 ta 2025 ta koma ga huda rami. Wannan komawa tana iya nuna cewa masu saye sun fi damuwa da kyan hoto a kan ɗan ramin da ido ya riga ya saba da shi. Waɗanda suka riƙe fasahar su ne ZTE da wayoyinta na Nubia da RedMagic, musamman na masu wasannin bidiyo, waɗanda cikakken allo ya fi musu hoto muhimmanci. Apple ta mayar da na'urar gane kusantowar kunne bayan allo a iPhone 14 Pro a 2022, amma ta bar kyamarar a fili. A 2025 Lenovo ta kai fasahar ga kwamfutar tafi-da-gidanka da Yoga Slim 9i.