Waiwaye: Tallafin Ƙasashen Waje da Rabon Mata a Cikinsa

Kafin shekarun 1970, masu ba da tallafin raya ƙasa ba su cika sanya mata a lissafi ba. In an kawo taki ko injin ban ruwa, magidanci ake nema, shi ake koya wa, sunansa ake rubutawa. A 1970 masaniyar tattalin arziki Ester Boserup ta nuna cewa mata ne ke riƙe da kaso mai tsoka na noman abinci a Afirka, amma ana tsallake su. A 1973 majalisar Amurka ta wajabta wa hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, shigar da mata cikin ayyukanta, a 1975 kuma aka yi taron mata na duniya na farko a birnin Meziko.

Sai dai shigar da mata a takarda daban, abin ya kai hannunsu daban. Aikin shinkafa na Jahali-Pachar da aka fara a Gambiya a 1984 ya isa misali. A yankin, shinkafar fadama aikin mata ce, abin da mace ta girbe a gayaunarta nata ne. Aka kawo famfuna don a yi noma sau biyu a shekara. Masu tallafi, ciki har da IFAD, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka matsa a rubuta filayen da sunan mata, aka kuma rubuta. Amma a gida sai aka mayar da su gandu, wato maigida ke da iko da amfanin. Aikin mata ya ƙaru, hatsin ya koma rumbun miji. Wasu suka janye hannu, wasu suka ce sai an biya su lada. An duba takardar fili, ba a tambayi wa ke riƙe da buhu ba.

A waɗannan shekarun ne kuma sharuɗɗan IMF da Bankin Duniya suka sa gwamnatoci rage kashe kuɗi, aka ɗora kuɗin makaranta da na asibiti. Gidan da ba zai iya biya wa kowa ba, 'ya mace ake fara cirewa.

Ƙananan rance irin na Grameen, bankin talakawa na Bangaladash, sun samu yabo sosai, amma wani bincike na 1996 a Bangaladash ya gano cewa da yawa daga matan da ke karɓa, mazansu ke juya kuɗin, su kuma a bar su da biyan bashi. A wannan ƙasar dai, shirin tallafin 'yan matan sakandare na 1994 ya fi tasiri, domin sharuɗɗansa a fili suke: kuɗin na shiga asusun yarinya, ta halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa, ta ci kashi 45 a jarrabawa, kada a aurar da ita kafin ta gama. Yawan 'yan mata a sakandare ya kamo na maza, har ya zarce.

Bayan taron mata na duniya da aka yi a Beijin a 1995 aka koma cewa kowane aiki ya kula da mata. Ƙungiyar OECD, wadda manyan ƙasashe masu ba da tallafi ke ciki, na auna wannan da maki: 0 in aikin bai kula da daidaiton mata da maza ba, 1 in yana cikin manufofinsa, 2 in shi ne ainihin manufarsa. Sama da kashi 40 cikin ɗari na tallafin da ake tantancewa na samun maki 1 ko 2, amma wanda daidaito ne ainihin manufarsa bai wuce kusan kashi 4 ba, abin da ke isa ƙungiyoyin mata kai tsaye kuwa bai kai kashi 1 ba. Mai ba da kuɗin shi ke ba kansa maki, shi ya sa bita ta kwana biyu kan wadatar a samu makin.

Ga kuma siyasa. Tun 1984 dokar Amurka da ke hana kuɗi ga ƙungiyoyin waje masu hulɗa da batun zubar da ciki take dawowa tana tafiya bisa jam'iyyar da ke mulki, asibitocin tsarin iyali na buɗewa suna rufewa. A 2025 aka rushe USAID, Birtaniya kuma ta sanar da rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa. Ayyukan mata da ba su taɓa shiga kasafin gwamnatocin da ke karɓa ba, su ne ke cikin haɗarin tsayawa da zarar kwangila ta ƙare.