Iyakar abin da muke hangowa a sama ta wuce shekarar haske biliyan 13.8

Sau da yawa za ka ji ana cewa tunda sararin samaniya ya shekara biliyan 13.8, to abu mafi nisa da za mu iya hangowa yana nisan tafiyar haske ta shekara biliyan 13.8 ke nan. A baki lissafin ya zauna, sai dai an manta cewa yayin da hasken yake kan hanya, sararin kansa yana ta buɗewa. Tun 1929 masanin taurari Edwin Hubble ya nuna cewa gungun taurari masu nisa ja da baya suke yi. Wurin da ya aiko mana da haske mafi tsufa yanzu yana nisan kusan shekarar haske biliyan 46.

Akwai wata iyakar kuma. A 1998 aka gano cewa buɗewar ƙara sauri take yi, don haka duk abin da ya wuce nisan kusan shekarar haske biliyan 16 a yau, hasken da yake fitarwa yanzu ba zai taɓa iso mu ba.

Nan ne wasu kan ce ai ramin tsutsa, wato gajeriyar hanya mai haɗa wurare biyu masu nisa, zai tsallake da mu. A takarda dai yake. Einstein da Nathan Rosen suka fito da shi a lissafi a 1935, har yau ba a ga ko ɗaya ba. A 1962 masana kimiyya Fuller da Wheeler suka nuna cewa irin wannan ramin yakan tsuke kafin ko haske ya ratsa shi.