Kyamarar farko mai canjin lens: amsoshi ga mai son fara ɗaukar hoto

Wayata tana ɗaukar hoto mai kyau. Me kyamara za ta ƙara mini?

Abu biyu. Na farko girman sensa, wato ɓangaren da haske ke sauka a kai. Ta ƙananan kyamarori, wadda ake kira APS-C, tana da kusan milimita 23 a tsawo da 15 a faɗi, ta yawancin wayoyi kuwa da ƙyar ta kai farce. Shi ya sa hoton bayan magariba ke fita tsaf a kyamara. Na biyu, za ka iya ɗaura lens, wato gilashin gaban kyamara, mai jawo nesa, ka kama fuskar mahayi a hawan sallah daga can gefen fili.

DSLR zan saya ko marar madubi?

DSLR tana da madubi a ciki, da shi kake hangen abin da ke gabanka kai tsaye. Marar madubi ƙaramin allo take nuna maka, kana ganin hasken hoton yadda zai fito tun kafin ka danna, kuma wannan babban taimako ne ga ɗan koyo. Tun 2018, da Canon ta fito da tsarin RF, Nikon kuma da tsarin Z, duka na marasa madubi, ƙarfin kamfanonin ya koma can.

Duk da haka ban raina DSLR ba. Ta hannu ta yi araha, lens ɗinta sun cika kasuwa, ga riƙon caji. Nikon D3500 tana iya ɗaukar hoto sama da 1,500 a caji guda, alhali ƙananan marasa madubi 'yan ɗaruruwa suke yi. Wanda ke zaune inda wuta ba ta tsayawa ya san darajar wannan. In kuɗinka kaɗan ne, D3500 ko Canon 2000D sun ishe ka koyo. In da hali, duba marasa madubi irin su Canon R50, Nikon Z50 ko Sony a6400.

Wane kamfani ya fi?

Dukkansu suna fitar da hoto mai kyau. Abin da nake so ka kula da shi shi ne bakin da lens ke shiga, domin kowane kamfani da nasa. Lens ɗin Canon ba ya hawa Nikon. Kyamarar za ka iya canza ta nan da 'yan shekaru, amma lens ɗin da ka tara su ne za su ɗaure ka ga kamfani ɗaya. Saboda haka tambayi masu ɗaukar hoton garinku me suka fi riƙewa, don ka samu mai ara maka lens, da mai gyara, da batirin canji.

A nan ake yawan tafka asara. Canon M50 kyamara ce mai daɗin riƙo, amma an daina tsarinta na EF-M, kuma lens ɗinta ba sa hawa sababbin RF. Tsofaffin lens na EF, wato na DSLR ɗin Canon, kuwa suna hawa RF da adafta, wato mahaɗin da ake sawa tsakanin lens da kyamara. A ɓangaren Nikon, D3500 da 'yan uwanta ba su da injin da ke juya lens don saita hoto da kansa a jikinsu. In aka sayar maka da tsohon lens 50mm mai harafin D, zai ɗauru daidai, amma da hannu za ka riƙa saita shi. Nemi mai rubutun AF-S.

Megafiksel nawa nake buƙata?

24 ya wadatar, har ga hoton da za a buga babba a rataye. Kada wannan lamba ta ci maka kuɗi.

Lens ɗin da ke zuwa da ita ya isa?

Na farawa, i. Yawanci 18-55mm ne, yana ɗaukar taro yana ɗaukar mutum ɗaya. Rauninsa cikin ɗaki ne, don in ka jawo shi ƙarshe ƙofar haskensa tana tsukewa zuwa f/5.6 (idan lambar f ta ƙaru, ƙofar tana ƙara tsukewa). Shawarata ka rage kuɗin kyamarar ka ajiye na 50mm f/1.8. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na wancan sau 10, kuma shi ke sa fuska ta fito rangaɗau, bayanta ya dushe. In ka ga yana matse maka a ƙaramin ɗaki, 35mm f/1.8 ya fi sakewa.

In ta hannu zan saya, me zan duba?

Je da mimorinka. Tambayi yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙananan DSLR an ƙera su ne su kai wajen 100,000, kuma ta mai ɗaukar biki kan yi nisa ko da jikinta na sheƙi. Cire lens, haska fitilar waya ta cikinsa. Ɗan ƙura ba komai, amma in ka ga farare-fararen zare sun bazu a gilashin, funfuna ce, ka bar shi. Sai ka sa f/16 ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton sosai ka nemi ɗigo-ɗigo. Wanda ƙura ta jawo yana gogewa, ƙarzuwa a sensa kuwa ba ta da magani mai sauƙi.

Ka kuma ware kuɗin batir na biyu, jaka, da ɗan famfon roba na hure ƙura. Lokacin hunturu kada ka canza lens a fili. Shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa sannan ka cire.