Truelove (jirgin farautar kifin wel)

Truelove jirgin ruwa ne na katako mai tafiya da iska, wanda aka ƙera a Filadelfiya a shekarar 1764, tun Amurka tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Turawan Ingila sun kama shi a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, daga baya ya koma hannun wani attajirin birnin Hull na Ingila, wanda ya riƙa ɗauko giyar inabi da shi daga Porto ta ƙasar Fotugal.

A 1784 aka ƙara wa jikinsa ƙarfi aka sa shi farautar kifin wel, wata ƙatuwar dabbar teku, a tekun Girinlan da mashigin Davis. Abin da ake nema shi ne kitsen dabbar, wanda ake narkawa a sami man fitila, da kuma ƙashin bakinta mai lanƙwasa da ake yin haƙarƙarin lema da shi. An ce ya yi tafiyar farauta sau 72 zuwa 1868. Masana suna danganta daɗewarsa da fasalin cikinsa mai kumburi, domin idan ƙanƙara ta matse shi sai ta tura shi sama maimakon ta murƙushe shi kamar sauran jirage.

Tafiyar da aka fi tunawa ita ce ta 1847, lokacin da kyaftin John Parker ya zo Hull da wasu matasa biyu 'yan ƙabilar Inuwit daga tsibirin Baffin da ke arewacin Kanada ta yau, Memiadluk da matarsa Uckaluk. An riƙa nuna su ga jama'a sanye da kayansu na fata a Hull da York da Manchester, da sunan jawo hankali ga halin ƙuncin da mutanensu ke ciki, ko da yake har yau ana saɓani kan dacewar hakan. A hanyar mayar da su gida a 1848 cutar ƙyanda ta ɓarke a cikin jirgin, Uckaluk ta rasu ba ta sake ganin ƙasarsu ba. Siffofin kawunansu da aka zuba suna gidan tarihin harkokin teku na Hull.

A 1873 jirgin ya koma Filadelfiya ɗauke da ma'adini daga Girinlan, yana da shekara 109, mutanen garin suka karrama shi da tuta. Ya ƙare a matsayin rumbun ajiya a kogin Thames na Ingila, aka wargaza shi wajen ƙarshen ƙarni na 19.