Amfilifaya Mai Mafita Biyu: Tambayoyi Kan Gwajin Natsuwar Madauki a Kwamfuta

Me ake nufi da natsuwar madauki?

Wanda ya taɓa jin lasifika ta yi ƙara mai huda kunne don an kusantar da makirufo gare ta, ya riga ya san matsalar. Abin da ya fito ya koma ta ƙofar shiga, ya ƙara girma, ya sake fitowa; wannan zagayen shi ne madauki. Tun 1927 Harold Black ya gano cewa idan aka mayar da wani ɓangare na siginal a juye, amfilifaya, wato da'irar da ke ƙara wa siginal ƙarfi, zai ladabtu. Sai dai kowace da'ira tana jinkirta siginal, kuma jinkirin na ƙaruwa yayin da mita, wato yawan kaɗawar siginal a cikin daƙiƙa, ke hawa. Idan ya kai digiri 180 alhali madaukin yana da sauran ƙarfin ruɓanyawa, abin da aka mayar don ya rage sai ya koma ƙari, da'irar ta kama kaɗawa da kanta. Harry Nyquist ne ya ba da ma'aunin wannan a 1932. Tazarar da ta rage kafin a kai digiri 180, a daidai mitar da ruɓanyawa ta sauko zuwa ɗaya, ita ce rarar kusurwa. Digiri 60 ake so. A nan, idan aka sauya shi farat ɗaya, siginal kan zarce gurbinsa da kusan kashi 9 cikin ɗari kafin ya zauna. A digiri 45 zarcewar kan haura kashi 20.

To mene ne na daban a mai mafita biyu?

Madaukinsa ba ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Siginal ɗin da ake buƙata shi ne bambancin wayoyin mafitar biyu: ɗaya ta hau, ɗayar ta sauka, kamar farantan sikeli. Amma ana iya ɗaga sikelin gaba ɗaya, farantan su tashi tare, bambancinsu bai motsa ba. Madaukin bambanci ba ya ganin wannan ko kaɗan. Shi ya sa ake gina wata ƙaramar da'ira, wadda injiniyoyi ke kira CMFB, ta riƙa auna matsakaicin mafitun tana riƙe shi a gurbinsa, galibi tsakiyar wutar da ke ciyar da da'irar. Ita ma madauki ce mai nata jinkirin, kuma sau da yawa ta fi na bambanci matakai.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake raina ta. A ce madaukin bambanci ya ba da digiri 70, mai zane ya yi hamdala ya rufe kwamfuta, alhali na matsakaici yana kan digiri 20. Idan ka zana bambancin mafitun kawai, layi ne sumul. Sai ka zana kowace waya ita kaɗai za ka ga su biyun suna rawa tare.

Ba za a yanke waya kawai a auna ba?

Tsohuwar dabara ke nan: a saka ƙatuwar indakta (naɗin waya mai tare siginal mai kaɗawa) a wurin yankan don wutar da ke tsaye ta wuce, a shigar da siginal ta ƙatuwar kafasita (wadda ke barin siginal mai kaɗawa ya wuce, ta tare wutar da ke tsaye). Illarta ita ce mataki na baya ya daina jin nauyin na gaba, sai lambar ta fito da kyawun da ba nata ba. R. D. Middlebrook ya magance wannan a 1975: a yi allurar boltej, a yi ta kwararar wuta, a haɗa sakamakon, madauki yana rufe. A 2001 Michael Tian da abokan aikinsa suka faɗaɗa hanyar ta yadda za ta lissafa siginal mai bi ta kowace fuska. A kanta ne aka gina gwajin natsuwa mai suna stb na Spectre, manhajar kwaikwayon da'ira ta kamfanin Cadence, kuma masu amfani da manhajar LTspice ma suna iya haɗa ta da hannu.

Idan na saka ma'auni a waya ɗaya fa?

Za ka samu lamba, amma gauraye ce ta madaukan biyu, domin ɗayar wayar tana nan a rufe. Dole a kama wayoyin biyu a wuri guda, a raba siginal zuwa bambanci da matsakaici, a auna kowanne daban. Aikin ma'aunin diffstbprobe ke nan a manhajar Cadence, wanda ya gaji tsohon ma'auninsu cmdmprobe. Wurin sakawa ma yana da muhimmanci: sai inda duk hanyoyin madaukin suka bi. Rezistocin da ke mayar da siginal daga waje suna ɗauke da matsakaici su ma, kuma a amfilifaya mai mataki biyu wannan hanyar tana iya zama mai ƙari maimakon ragi. Idan ta rinjayi CMFB lokacin kunna wuta, mafitun biyu sai su manne a sama ko a ƙasa su ƙi saukowa.

Idan CMFB ɗin na kafasita ne masu buɗewa da rufewa da agogo?

Gwajin stb ba zai yi ba, don babu tsayayyen yanayi guda da zai dogara a kai. Sai a fara da gwajin pss, mai gano yanayin da ke maimaita kansa tare da agogon, a biyo da pstb, gwajin natsuwa a kan wannan yanayin.

Lambobi sun yi kyau. An gama?

Da sauran aiki. Duk waɗannan gwaje-gwajen na ƙananan siginal ne, suna ɗauka cewa kowace transisto tana zaune inda aka ajiye ta. Ka buga wa da'irar tsalle, wato sauyin siginal farat ɗaya, na bambanci, ka duba yadda take zama. Ka buga na matsakaici, misali ta tura wuta iri ɗaya cikin mafitun biyu na ɗan lokaci. Ka kunna wutar ciyarwa daga sifili, a hankali da kuma da sauri, don mannewar nan ta bayyana idan tana nan. Sannan ka maimaita a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili da zafin digiri 125, da transistoci masu sauri da masu nawa, da nauyin kafasita mafi ƙanƙanta da mafi girma, ka kuma sake aunawa bayan an shimfiɗa da'irar an ciro kafasitocin da wayoyi suka ƙara.