Makunni mai 'yar fitila: yadda ake haɗa shi, da dalilin da ke sa ƙwai ƙyalli bayan an kashe

Duk wanda ya taɓa lalube a bango cikin duhu yana neman makunni, ko ya wayi gari ya tarar injin tura ruwa ya kwana yana aiki har tanki ya yi ambaliya a tsakar gida, ya san amfanin 'yar jar fitilar nan da ke jikin wasu makunnai. Ga tambayoyin da masu gida suka fi yi a kanta a nan Sakkwato.

Shin duk makunni mai 'yar fitila iri ɗaya ne?

A'a, kuma daga nan yawancin ruɗani yake farawa. Iri biyu ne, aikinsu kishiyar juna. Na farko fitilarsa tana kamawa idan an kashe ƙwai, don ta nuna maka inda makunnin yake da dare. Shi ya dace da zaure, da ɗakin tsofaffi, da hanyar bayan gida. Na biyu fitilarsa tana kamawa ne idan an kunna, ta shaida maka cewa abin da ba ka gani yana cin wuta: fitilar ƙofar gida, hitar wanka, injin rijiyar burtsatse. Kafin ka shiga kasuwa ka tsayar da wanda kake so, domin a ido kamarsu ɗaya, amma wayarin ɗinsu ya bambanta.

To yaya ake haɗa kowanne?

Sai an fara sanin wayoyi. A tsohon tsarin da har yanzu ya fi yawa a gidajenmu, ja ita ce mai wuta, wadda masu aiki ke kira layif. Baƙa ita ce nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Kore kuma ta ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural, ta ƙasa kuma kore da ratsin rawaya. Wayar fitilu yawanci mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ce. Makunni kullum a kan mai wuta ake sa shi. Tana shiga ramin da aka rubuta wa COM ko L, wadda za ta tafi ƙwai kuma ta fita daga L1.

Mai nuna wuri cikin duhu ba ya buƙatar ƙarin waya. Ƙafafun 'yar fitilar biyu suna tsallake makunnin ne, ɗaya a COM ɗaya a L1. Idan an kashe, wata 'yar wuta kaɗan tana bi ta cikinta, ta ratsa ƙwan da ke sama, ta koma ta nutural, sai ta haska. Da an kunna, wuta ta samu babbar hanya, sai 'yar fitilar ta mutu. Shi ya sa idan aka cire ƙwan, ko tsohon ƙwai mai zare ya ƙone, ita ma ba za ta kama ba.

Mai nuna cewa an kunna kuwa, ƙafarsa ɗaya tana kan wayar da ke fita zuwa ƙwai, ɗayar dole ta samu nutural. Ke nan sai nutural ta iso har cikin akwatin bango. Matsalar ita ce a gidaje da yawa ba ta zuwa can. Tana tsayawa a saman silin wajen ƙwai, wayoyi biyu kawai ke saukowa, kuma dukansu na ɓangaren wuta ne ko da ɗaya baƙa ce. Kada launi ya yaudare ka, a gwada.

Idan babu nutural a akwatin, ba za a iya amfani da wayar ƙasa ba?

Fitilar za ta kama, amma kada a yi. An sa wayar ƙasa ne don ranar hatsari, ta kwashe wuta idan ta zubo a jikin ƙarfe. Idan ka mayar da ita hanyar yau da kullum, ranar da ta tsinke a wani wuri, jikin firji ko famfo na iya ɗaukar wuta. A ƙasarmu mai bushewa, musamman da rani, sandar ƙarfen da aka binne aka ɗaura wa wayar ƙasa ma ba kullum take kamawa da kyau ba. Gyaran gaskiya shi ne a zaro sabuwar nutural ta cikin bututu daga layin fitilar nan ɗin, ba daga soket ɗin da ke kusa ba, domin kowane layi da birekarsa.

Na sa makunnin, yanzu ƙwaina yana ƙyalli ko ƙifta ido bayan na kashe. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa tun da ƙwan LED ya maye gurbin tsohon ƙwai mai wat 60 da 100. Tsohon ƙwai ba ya ko jin 'yar wutar da ke ratsa shi, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba a mafi yawan makunnai. LED kuwa yana da ɗan ma'ajin caji a gindinsa. 'Yar wutar tana taruwa a ciki sannu sannu, idan ta cika sai ƙwan ya yi walƙiya ya sake, ko ya riƙa wani haske dishi-dishi har asuba. A ɗakin kwana abin yana hana barci, kuma ƙiftawar tana gajiyar da ƙwan.

Hanyoyi uku ne. A cire ƙafar 'yar fitilar a haƙura da ita. Ko a gwada wani ƙwan, don wasu ba sa yin haka. Ko mai gyara ya sa kafasita, wato ɗan ma'ajin caji, da aka yi domin wutar gida, mai alamar X2, tsakanin wayoyi biyu na wajen ƙwan, don 'yar wutar ta bi ta nan. Ni na fi son na ukun ga gidan da ke da dattijo mai tashi alwalar asuba, saboda shi hasken makunnin ba ado ba ne a wurinsa.

Amma idan an cire 'yar fitilar ƙyallin bai daina ba, a duba da kyau: wataƙila makunnin nutural yake yankewa, mai wuta kuma tana zaune a kan ƙwai dare da rana. Wannan ya fi ƙyalli muni, domin mai canza ƙwai zai ɗauka ya kashe. Yakan faru kuma idan an juya wayoyi a wajen canjin janareta ko inbata.

Na hita da na'urar sanyaya ɗaki fa?

Nasu daban ne. Makunni ne mai amfiya 20 da ke yanke waya biyu gaba ɗaya, mai wuta da nutural. A bayansa akwai ɓangaren shigowa da ɓangaren fita, kowanne da L da N. Idan aka juya su, za ka ga fitilar tana ci kullum ko an kashe. Kada a ɗora hita ko injin ruwa a kan ƙaramin makunnin fitila mai amfiya 10, kuma waya ta kasance 2.5 ko 4 gwargwadon nauyin na'urar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma na'urori ba sa hutawa, sukurun da bai ɗauru ba shi ke fara zafi har roba ta yi baƙi. Idan ka ji makunni da ɗumi ko ƙauri, a kashe bireka a buɗe shi.

Tana cin kuɗin mita?

Kaɗan ƙwarai. Ko ta wuni ta kwana a kunne, ba ta kai rabin yunit a wata.

Idan 'yar fitilar ta mutu, ke nan babu wuta, zan iya taɓawa?

Ko kusa. Tana iya ƙonewa, kuma mai nuna wuri cikin duhu mutuwar fitilarsa ma tana iya zama alamar cewa wuta na gudana. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa. Kada kuma a dogara da cewa an ɗauke wuta. Kamfanin Kaduna Electric da ke ba Sakkwato wuta ba ya sallama kafin ya dawo da ita. A kashe babbar bireka, a kashe inbata da janareta, domin a gidaje masu sola layin fitilu ne aka fi ɗorawa a kan batir. Tun kafin a kashe, a gwada testa a inda aka san akwai wuta don a tabbatar tana aiki; bayan an kashe kuma a gwada kowace waya a akwatin, kafin sukundireba ta shiga.

Zan iya yi da kaina?

Canza makunni da irinsa, waya biyu a fitar waya biyu a mayar, mai natsuwa zai iya; ya ɗauki hoton bayan tsohon da wayarsa kafin ya kwance. Amma zaro nutural, sa kafasita, ko haɗa na hita, aikin ƙwararre ne, kuma hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, don haka babu laifi ka nemi gani. Idan ya gama, ka ce masa: "Malam, don Allah kunna ka kashe a gabana, a wutar gari da ta inbata." Sai ka ga fitilar ta yi abin da ka saye ta dominsa a duka biyun kafin a ɗaure murfi.